Ƙorafi Kan Makullin Motata Da Ma'aikacinku Ya Raba Da Cif Ɗinsa

Zuwa ga Manajan kamfanin yankan makullan mota,
Sabon Gari, Zariya.

Yallaɓai, assalamu alaikum.

Ina rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a ne saboda ƙorafin da na kai shagonku baki da baki bai samu kulawa ba. Na kawo muku makullin motata, Honda Accord ƙirar 2003 wadda aka fi sani da EOD, domin a sauya masa gida, kasancewar robarsa ta tsage daga wajen da ƙarfen yake shiga. Ma'aikacinku ya yanka sabon ƙarfe, ya ɗora rimot a cikin sabon gidan, ya karɓi kuɗinsa, amma ya bar cif ɗin imobilaiza, wato tsaron da ke hana mota tashi idan ba da makullinta ba, a cikin tsohuwar robar, ya jefa ta a shara.

Da na koma gida Tudun Wada, rimot ya buɗe ƙofa, makulli ya juya, injin yana ta juyawa amma ya ƙi kamawa, ga kuma koren hoton makulli yana ƙiftawa a dashbod. Wannan alamar ba ta buƙatar duba mai zurfi. Cif ɗin nan, wanda bai kai ƙwayar wake girma ba, yana zaune ne a wani ɗan lungu na daban a cikin robar, ba ya haɗe da rimot, kuma ba ya amfani da batir. Akwai zoben waya da ke kewaye da bakin da ake zura makulli, shi ne yake ba shi wuta ta iska a mitar kilohaz 125, sai cif ɗin ya mayar da lambarsa. Idan ƙwaƙwalwar motar ba ta ji lambar da ta sani ba, ba za ta bar injin ya tashi ba, komai kyan yankan ƙarfen. Wannan ba sabuwar fasaha ba ce da za a ce ta zo wa mai sana'a a ba-zata, domin tun 1998 Jamus da Birtaniya suka wajabta ta a kan sababbin motoci, kuma tokumbo ɗin da suka cika titunan Zariya yawancinsu da ita suke zuwa.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne amsar da na samu da na dawo. An riga an kwashe sharar, sai ma'aikacin ya ce wai ƙwaƙwalwar motar ce ta samu matsala, alhali lafiya lau take tashi kafin makullin ya shiga hannunsa. Daga baya ya ba ni zaɓi biyu: ko in biya kuɗin sabon cif da na saita shi da kwamfuta, ko kuma a kira mai wayarin ya kashe imobilaizar gaba ɗaya, wanda ya ce shi ne mafi arha. Na ƙi na biyun, domin motar da aka cire wa wannan tsaro duk wanda ya samu ƙarfen da zai juya makunninta zai iya tafiya da ita, kuma ban ga dalilin da zai sa in rage darajar dukiyata don in rufe sakacin wani ba. Na farkon ma ban ga hujjar ɗora mini shi ba. Motar da makulli ɗaya ta zo, kamar yawancin irinta, na kuma faɗa masa haka tun kafin ya taɓa shi, wanda ya isa ya sa shi yin hattara.

Saboda haka ina neman kamfaninku ya turo ma'aikaci da na'urar saiti zuwa inda motar take ajiye, ya sa sabon cif irin ID46 da wannan ƙirar take amfani da shi, ba tare da na ƙara ko kwabo ba. A lokacin saitin a tabbatar an goge lambar tsohon cif daga ƙwaƙwalwar motar, tunda babu wanda ya san hannun da zai tsince shi. Ina kuma ba ku shawara ku riƙa mayar wa mai makulli tsohuwar robarsa a hannu, ku kuma gwada sabon makullin a kan na'urar karanta cif kafin ya bar shagonku.

Rasit ɗinku yana hannuna. Idan ba a yi gyaran ba, zan kai maganar gaban hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta tarayya, wato FCCPC.

Na gode.
Abokin cinikinku,
Tudun Wada, Zariya.