Kada ka sa Mallah ranar Asabar

Assalamu alaikum Alhaji,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Hajiya da yara. Shiru ya yi yawa har na fara tunanin ko kuɗin Kantin Kwari ne suka sa ka manta da talakawa. Sai ga ƙaninka ya turo mini jadawalin ziyararku ta Fas a Maroko, kwana huɗu, kuma na ga ka rubuta "unguwar Yahudawa", wato Mallah, a ranar Asabar. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan. Bakano da lissafin kuɗi ba a kama shi, amma a lissafin kwanaki ka sha ƙasa.

Asabar ranar hutun Yahudawa ce, tana farawa daga faɗuwar ranar Juma'a har dare ya yi ranar Asabar. Maƙabartarsu a rufe take, ita ce kuwa rabin abin da za ka je gani. Juma'a da rana ma ba ta yi ba, shaguna da yawa a Fas suna rufewa. Ka mayar da ita Lahadi ko Litinin da hantsi, awa uku sun ishe ka.

Daga zawiyar Shehu Tijjani kada ka ce za ka taka, gwiwar nan taka ba za ta yafe maka ba. Ka sauko filin Rasif ka hau ƙaramar tasi, jajayen nan. Mutum uku kawai take ɗauka, saboda haka ku biyar sai mota biyu, kuma ka ce wa direba ya kunna mita kafin ya tashi. Ka ce masa "Mallah" ko ƙofar fadar sarki. Zai ajiye ku a babban fili gaban ƙofofin tagulla. Ƙofofin ka ɗauke su hoto son ranka, amma kada ka saita waya kan masu gadi.

Unguwar tana jikin katangar fada, kuma da gangan aka yi haka. Sarakunan Banu Marin ne suka gina sabuwar Fas a 1276, aka mayar da Yahudawan gari can a wajen 1438 don su zauna ƙarƙashin kariyar sarki. Wurin ƙasa ce mai gishiri, daga nan sunan ya fito, har ya zama sunan kowace unguwar Yahudawa a Maroko. Da ka shiga babban titin ka ɗaga kai. Gidajen tsohuwar Fas bayansu suke ba wa hanya, kamar namu na cikin birni, komai yana tsakar gida. Na Mallah kuwa suna da baranda ta katako da ta ƙarfe da tagogi suna kallon titi. Yau Musulmi ne ke zaune a ciki, masu gidajen sun watse zuwa Isra'ila da Faransa da Kanada bayan 1948.

Ka fara da majami'ar Ibn Danan, wurin ibadar Yahudawa, ta ƙarni na 17, wadda aka gyara aka sake buɗewa a 1999. Ƙofarta ƙarama ce a cikin lungu, ba ta da bambanci da ta gidan kowa, mutum zai wuce ta sau biyu bai sani ba. A nan yara da samari za su ce za su raka ka, daga baya su tsawwala kuɗi. Ka tambayi mai shago da ke zaune, ya fi. Akwai mai gadi da ke buɗewa ana ba shi 'yan dirhami, ka tanadi canji, ba ya da na takarda babba. Ba a cire takalmi, amma namiji yana rufe kai, hularka ta wadatar. A ciki abu uku za ka duba. Akwai kabad ɗin katako mai sassaƙa a jikin bango inda ake ajiye Attaura, rubutun hannu a kan fata, a naɗe. Akwai dandamali mai rumfar ƙarfe inda mai karatu ke tsayawa. Sai matakala da ke sauka ƙarƙashin ƙasa zuwa kwarmin ruwan wankan tsarki. Matakalar ƙunci gare ta ga santsi, ka tattare babbar riga ka kunna fitilar waya, Hajiya kuma ta leƙa daga sama kawai. Wurin mata yana bene.

Af, ashe yaron maƙwabcinku ya fasa auren? Ƙaninka ya fara ba ni labari sai katinsa ya ƙare, ya bar ni a rataye. An mayar da lefen ko ana nan ana ja? Ni dai tun ranar sa rana na ga alamar kawun nan ba zai bari a zauna lafiya ba.

To, majami'a ta biyu ita ce Salat al-Fasiyin, ba nisa. Ka lura da sunan, Yahudawan Fas "salla" suke ce wa wurin ibadarsu, Larabci ne harshensu na gida. Wannan ta 'yan asalin gari ce, domin da aka kori Yahudawan Andalus a 1492 suka kwararo Fas, baƙin da 'yan gida sun daɗe ba sa jituwa kan al'adun ibada da na yanka, kowa da majami'arsa. Bayan Yahudawan sun watse ta zama masaƙar darduma, ta zama wurin koyon dambe, sai a 2013 aka gama gyara ta, Firayim Ministan Maroko na lokacin, Abdelilah Benkirane, ya halarci buɗewa. Kai da ke son aikin gini, dubi zanen filasta da tayil ɗin ƙasa, hannu ɗaya ne da na makarantun Fas.

Maƙabartar ka bar ta ƙarshe, tana gefen kudu. Dubban kaburbura ne farare fat, an yi musu farar ƙasa, masu doro kamar rabin ganga, rubutunsu da Ibrananci da Faransanci. Rana na dukansu ido ba ya buɗuwa, ka zo da tabarau, inuwa kuma babu. Ƙananan duwatsun da za ka gani a kan kabari masu ziyara ne suka ajiye, kada yaranka su kwashe. Wanda aka fi zuwa shi ne na Lalla Sulika, yarinyar Tanja da aka yanke wa hukuncin kisa a Fas a 1834. Matan Musulmi ma suna zuwa wurinta. Na san ka da musu, don Allah ka riƙe fatawarka har ku koma masauki.

In za ku fito ku bi ta ƙofar Bab Sammarin, layin maƙeran zinariya yana kusa, sana'ar da Yahudawa suka riƙe a garin shekaru aru-aru. Wannan ban gaya wa Hajiya ba, kai ma ka san abin da ya fi maka.

Ka sa ni a addu'a a zawiya. Kilishin da ka yi alkawari tun bara, ka naɗe shi da kyau, kada ka zo mini da labari. A gaida Baba.

Naka,
Bazazzagin da ya fi ƙarfinka