A bar yaranmu su zana ƙwarya da fitila

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ni malamin zane ne a wata sakandare nan Gusau. Watan jiya wani uba ya zo har ofis wai a cire mishi yaro daga ajina, zane ba kyau a addini. Ban ja da shi ba don na san inda ya dosa, maganar zana mai rai ce. Sai na buɗe waya na nuna mishi aikin Harmen Steenwijck, mutumin ƙasar Holan, da ya yi wajen 1640, yanzu zanen yana gidan adana zane-zane na National Gallery a Landan.

Ba mutum ba dabba, tebur ne kawai da littattafai da takobin Japan da agogo da fitila ta mutu hayaƙi na tashi, sai ƙoƙon kan mamaci a tsakiya, ga kuma haske ya sauko daga sama ta hagu ya miƙe sai kan ƙoƙon nan, wato duk ilimi da mulki da kayan ƙawa da aka tara ga inda za a ƙare. Su suna ce ma irin wanga zane vanitas. Alhaji ya daɗe yana kallo, ya ce Malam ai wannan wa'azi ne.

Wallahi wa'azi ne. Wani mai zanen kuma, Pieter Claesz na garin Haarlem a Holan, a zanenshi yakan aje lemun tsami an fere shi rabi, ɓawon na reto a bakin tebur, ga kyau a ido ga tsami a baki. In ka ƙura ido kan kofin gilashi da ke gefe har tagar ɗakin za ka gani a jikinshi, taga ɗaya tal, sauran wuri duhu-duhu, shi ya sa ido ba ya yawo.

To mu me muka rasa? Hasken da ke shigowa ta ƙofar zaure da hantsi lokacin hunturu ai ya ishe mu. Ina roƙon masu tsara manhaja da iyaye a ba wannan fanni na zanen kayan da ba su da rai muhimmanci, ba ya cin kuɗi, fensir ne da takarda.

Yaron nan dai an bar min shi. Makon jiya ya kawo min zanen allo da tawada da fitilar aci-balbal, da goro ɗaya da tsutsa ta ci.

Naku,
mai karatu daga Gusau, jihar Zamfara