A tuna da Rimi ta hanyar farfaɗo da ajin yaƙi da jahilci

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ɗan fili in yi magana a kan marigayi Muhammadu Abubakar Rimi, jigon jam'iyyar PRP a tsohuwar jihar Kano. Abin da ya tunzura ni, jikana ne na tambaya ko ya san Rimi, sai ya ce ai gidan talabijin ne. Wallahi abin ya tsaya mini a rai.

Ina da shekara goma sha tara lokacin da ya hau gwamna a 1979, Jigawa tana cikin Kano. Kafin nan, da kaka ta yi mai unguwa zai fara zagaye da takardar haraji. Na ga shekarar da Baba ya kwance tunkiyar Inna, wadda take kiwo don auren ƙanwata, ya ja ta kasuwa da asuba don kada maƙwabta su gani. Inna ba ta ce uffan ba, amma ranar ba ta ci tuwo ba. Fulanin da ke bayan gari kuwa, da sun ji ƙishin-ƙishin masu jangali sai su kora shanu daji cikin dare. Rimi yana hawa ya soke haraji da jangali. Wanda bai ga wancan zamani ba, da wuya ya gane nauyin da aka sauke mana.

Sai ajin yaƙi da jahilci, bayan ya kafa hukumar ilimin manya a 1980. Bayan isha'i muke taruwa a makarantar firamare da fitilar ƙwai guda biyu, magidanta da furfurarsu suna bin malami baƙi da wasali. A nan na fara rubuta sunana. Wannan wasiƙa ma da hannuna na rubuta ta, yaro ya buga mini a waya.

Ba zan ɓoye ba, raba gari da ya yi da Malam Aminu Kano ya yi mana ciwo. Rikicin Santsi (ɓangaren Rimi a PRP) da Taɓo (ɓangaren Malam) ya shiga har cikin gidanmu, ni da yayana muka shafe wata da watanni ba ma cin abinci a kwano ɗaya. Rimi ya ajiye kujera a 1983 ya koma jam'iyyar NPP, Sabo Bakin Zuwo na PRP ya kayar da shi a zaɓen gwamna. Har gobe ina ganin da ya yi haƙuri da Malam, da talaka ya fi morewa. Rimi ya rasu a watan Afrilun 2010, Allah ya gafarta musu baki ɗaya.

Yau ajin nan namu rufinsa ya yaye, awaki ke kwana a ciki, alhali matan aure da yawa a garinmu sai an karanta musu saƙon waya. Ina kira ga shugabannin jam'iyyu na Kano da Jigawa masu kiran sunan Rimi, Limamin Canji, a wajen kamfe: su turo mana malami ɗaya da allo da alli. Fitila mu za mu kawo.

Naku,
Wani manomi daga yankin Ringim, jihar Jigawa