Ƙwallon gorar ƙanƙara da yaranmu na Agege masu ajiye biro

Assalamu alaikum Malam Edita,

Da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ya haƙuri da jama'a. Dan Allah a ɗan sammin fili a shafin wasiƙu inyi magana akan wani wasa da nasan yawancin masu karanta jaridar nan ko a mafarki basu taɓa bugawa ba, wato ƙwallon gora ta kan ƙanƙara, hoki inji masu abun. Nasan wani zai ce wannan bawan Allah lafiyarsa kuwa, kana zaune a Legas zufa na keto maka tun da asuba, ƙanƙarar da ka sani itace wadda ake jefawa a kula dan fiya wata yayi sanyi, ina kai ina hoki. Toh a dai daure a karanta, akwai inda zan dosa.

Ni gidan kallon bal gareni anan Agege. Yadda akai na san wasan nan kuwa, wani dare ne an tashi daga kallon Zakarun Turai kowa ya watse, an ɗauke wuta zafi ya hanani bacci, ga ɗan sauran mai a janareto, sai na zauna ina ta canza tasha har wajen ƙarfe ɗaya, kawai sai naga wasu ƙarti sun sha hular kwano suna sulu akan ƙanƙara da takalmi mai ƙarfe a ƙasa kamar kaifin wuƙa, suna bin wani ɗan baƙin faifan roba da sanduna, gudu kamar an harba kibiya, can sai biyu suka jefar da safar hannu suka hau dambe alƙalin wasa na tsaye yana kallo abunsa. Nace yau ga ikon Allah. Daga ranar na maƙale, har na fara bin labarinsu a waya, kuma abunda yafi ɗaukar hankalina shine yadda suke ɗaukar sababbin ƴan wasa.

Babbar gasarsu sunanta NHL, kulob 32 ne, 25 a Amurka 7 a Kanada. Duk shekara in an gama kaka sai su taru suyi zaɓen yara masu shekara 18 zuwa 20, zagaye 7, kowane kulob na kiran sunan wanda yake so, kuma waɗanda suka fi shan kashi a kakar da ta wuce su ake ba damar fara zaɓa, da ɗan ƙuri'a a tsakaninsu, dan kar mai ƙarfi yaita ƙara ƙarfi. Toh ga inda gizo ke saƙar. In an kira sunanka ba dole bane ka tattara kayanka ka tafi. Kulob ɗin ya dai kafa maka kara ne, kamar yadda ake kai kuɗin na gani ina so, wani bazai shigo ba, amma kai kana iya tafiya jami'a ka cigaba da karatunka kana buga wa makarantarka wasa a gasar jami'o'i, shekara ɗaya, biyu, har huɗu, su kuma suna turo mutanensu suna leƙa ka. Sharaɗin kawai kar ka sa hannu a kwantiragin kulob ɗin, ranar da ka sa hannu ranar wasan jami'a ya ƙare maka.

Abunda yasa wannan ya tsaya min a rai, ɗan yayata ne. Yaron nan wallahi ƙafar hagunsa sai wanda ya gani, tun yana firamare in ana buga wasa a filin bayan layin dogo mutane tsayawa suke. Yana aji biyar a sakandare wani mutum ya ɓullo da jaka a rataye da turanci kamar ya haɗiyi rediyo, wai shi ejan ne yanada hanyar kai yara gwaji Turai. Yaron yazo ya sameni ina share benci yace Kawu ni fa na gama da boko, dama ta zo. Nace kai ɗan nan saura shekara ɗaya fa ka zana jarabawa, yace Kawu mutumin yace in ba'a tafi yanzu ba shekaruna sun wuce. Na samu uwar nace Yaya a bi a hankali, tace kai dai baka son cigaban yaron nan ne. Keken ɗinkinta ta saida da ƴan kunnen gwal ɗin aurenta, nima dan kar ace na hana na cusa abunda ya sawwaƙa. Aka karɓi fasfo, aka ce biza sati biyu, yau shekara biyu kenan lambar mutumin a kashe. Yaron yanzu yana ɗaukar kwandon tumatir a Mile 12, ajinsu sun gama tuntuni, shi kunya ta hanashi komawa.

Shi yasa da na karanta labarin Cale Makar sai da na ajiye wayar na ɗan yi shiru. Kulob ɗin Colorado ya zaɓeshi na 4 a duk zaɓen 2017, wanda a wajenmu da tuni an yanka rago an ƙona littattafai, amma yaron ya wuce jami'ar Massachusetts yayi shekara biyu. A watan Afrilun 2019, ranar Juma'a aka bashi kyautar Hobey Baker ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i, Asabar suka buga fainal aka cisu 3 da nema, Lahadi ya sa hannu, Litinin ya shiga fili a zagayen fitar da gwani na NHL ya jefa ƙwallo a ragar Calgary, garin da aka haifeshi. A 2022 ya ɗaga kofin Stanley, wato kofin zakarun NHL, kuma shi aka ba gwarzon zagayen. Shekara biyun nan da yayi a makaranta ba wanda yace masa shekarunka zasu wuce, kulob ɗin da kansa ya jira ƙashinsa yayi ƙwari. Haka Owen Power da Buffalo ta zaɓa na 1 cur a 2021, komawa yayi jami'ar Michigan ya ƙara shekara guda.

Akwai ma wanda karatun ya bashi bakin magana. Jimmy Vesey, Nashville ce ta zaɓeshi a zagaye na 3 a 2012, ya zauna a Harvard ya cika shekara huɗunsa, a dokar da ake bi lokacin in ɗalibi ya gama bai sa hannu ba har 15 ga Agusta toh karan ya faɗi, duk inda yaso sai ya tafi. Haka kuwa yayi a 2016, ya zaɓi New York Rangers da kansa. Ba wai ya zama wani gagarumin tauraro bane daga baya, ɗan wasa ne dai tsaka tsaki da yaita yawo daga wannan kulob zuwa wancan, amma takardar Harvard na cikin akwatinsa.

Kar mai karatu yace na maida abun aljannar duniya, a'a. Sama da yara 200 ake kira duk shekara kuma da yawan na zagayen ƙarshe ƙarshe har su tsufa basa taka filin NHL ko sau ɗaya. Mafi yawa ƙaramar gasa ake fara turasu, AHL, in abun bai karɓa ba a gangara ECHL inda ake kwana a bas daga gari zuwa gari akan albashin da bai taka kara ya karya ba, wasu su tsallaka Suwidin ko Finlan ko Jamus ko Suwizalan su nemi na tuwo, ga rauni a gwiwa da kai, ga haƙoran gaba da wasan nan baya bari. Kuma su kansu kulob ɗin ba dan Allah suke jira ba, horo kyauta jami'a ke yi musu, ranar da suka ga yaro ya nuna sai su fara zuga shi ya ajiye karatun. Macklin Celebrini shekara ɗaya tak yayi a jami'ar Boston, San Jose ta zaɓeshi na 1 a 2024 ya tafi. Amma dai wanda ya zauna ya cika huɗunsa sannan wasan yaƙi shi, yana da shekara 25 zai iya ɗaukar takardarsa yaje neman aikin banki ko koyarwa ko kocin makaranta, bazai tsaya bakin titi yana bada labarin da ni ne ba.

Sannan rashin jin sunanka a zaɓen ma ba ƙarshen zance bane. Martin St. Louis ba kulob ɗin da ya kirashi sabida wai yayi gajarta, yayi shekara huɗu a jami'ar Vermont, ya kutsa ta ƙananan gasa, a 2004 ya ci kofin Stanley da Tampa Bay kuma aka bashi gwarzon ɗan wasan NHL gaba ɗaya, a 2022 Montreal ta ɗaukeshi koci.

Wani abun da zai ba masu karatu mamaki, akwai jininmu a wasan nan. Rumun Ndur a Zariya aka haifeshi a 1975, ya tashi a Kanada, Buffalo ta zaɓeshi a 1994, shine haifaffen Najeriya na farko da ya buga NHL, da na faɗa wa wani Bazazzagi mai shayi a layinmu sai da yace in rantse. Jarome Iginla da yaci ƙwallo 625 mahaifinsa Bayarabe ne. Su biyun basu bi ta jami'a ba, amma Kyle Okposo, wanda shima mahaifinsa ɗan Najeriya ne, New York Islanders ta zaɓeshi na 7 a 2006 ya tafi jami'ar Minnesota, ya bari a tsakiyar shekara ta biyu, ya buga wasa sama da 1,000, sai a 2024 ya samu kofin da Florida sannan ya rataye takalmi.

Wanda nafi so a cikinsu kaf dai Ken Dryden ne, gola. An zaɓeshi a 1964 yaƙi gaggawa, ya tafi jami'ar Cornell ya karanta tarihi, yazo Montreal yana tsaron raga yana karatun lauya a McGill, yaci kofin Stanley 6, har akwai kakar 1973 zuwa 1974 da suka saɓa da kulob akan kuɗi sai kawai ya ajiye wasan ya tafi ofishin lauyoyi yayi aiki shekara guda, wa zai ja da wanda yake da inda zashi. Daga baya ya zama ɗan majalisar Kanada har da minista a 2004.

Kuma Malam Edita ba sai mun je Kanada neman irin wannan ba. Dattawan da suka shiga filin wasa na Surulere a 1980 ranar da muka lallasa Aljeriya 3 da nema muka ɗau kofin Afirka, su tuna ƴan wasan gabanmu biyu da ke gefe da gefe, Odegbami da Amiesimaka. Segun Odegbami injiniya ya karanta a kwalejin kimiyya ta Ibadan, Adokiye Amiesimaka lauya ne daga jami'ar Legas ɗin nan, har ya riƙe Antoni Janar na jihar Ribas. Hakeem Olajuwon ɗan garin nan ta jami'ar Houston yabi kafin a zaɓeshi na 1 a ƙwallon kwando a 1984. Kenan hanyar muna da ita a da, ciyawa ce ta rufe ta. Yanzu a unguwanninmu, Agege, Idi Araba, Obalande, Mile 12, yaro na fara iya yanka sai a fara ce masa Ahmed Musa, kuma mu manya mu muke fara zuga shi, ni kaina da gidan kallona ina cikin masu laifin, kullum su suke cika min benci ranar makaranta in akwai wasan rana ina karɓar kuɗinsu.

Abunda nake roƙo ba mai yawa bane. Muna da gasar jami'o'i ta NUGA tun 1966, muna da kofin shugabannin makarantun sakandare anan Legas. Me zai hana kulob ɗin gasarmu ta gida su riƙa zuwa can suna kafa wa yaro kara a rubuce, su biya masa kuɗin makaranta da na takalmi, ya riƙa zuwa atisaye lokacin hutu, in ya gama sune farkon masu haƙƙi akansa, abunda za'a kashe a hakan nasan bai kai abunda ake zubarwa a sayen ɗan wasa ɗaya da zai zo yaita zaman benci ba. Masu ƙananan kulob na unguwa kuma, da sarakunan Hausawanmu da limamai da ake jin maganarsu, a sa doka duk yaron da bai kawo sakamakon jarabawar zango ba bazai sa riga ba. Duk wanda yazo da sunan ejan a fara kaishi gaban manya ya nuna lasisinsa da takardar gayyata daga kulob ɗin da yake faɗa, a buga waya a tabbatar kafin uwa ta kwance ɗan kunnenta.

Ku kuma ƴan jarida dan Allah shafin wasanninku kar ya tsaya a wa ya ci wa a Firimiya, wannan mun riga mun kalla. A turo wakili Agege ranar Lahadi da yamma ya zauna da yaran nan ya tambayi nawa ne a cikinsu suka bar aji sabida alƙawarin gwaji, ni zan zagaya dashi, shayinsa da burodi a wuyana.

Ni dai tun watan jiya na manna takarda a ƙofar gidan kallona, ba mai shiga da kayan makaranta kafin ƙarfe huɗu, ciniki ya ɗan ja baya har yaron shagona na min tsiya. Ɗan yayata kuma da ƙyar da siɗin goshi na shawo kansa zai zauna jarabawar ƴan waje ta ƙarshen shekara, na biya rabin kuɗin rajista, lissafi ne dai yake bashi wahala, in akwai malami cikin masu karatu da ke kusa damu wanda zai iya bashi awa ɗaya bayan isha'i a taimaka a bar saƙo a ofishinku.

Na gode, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Naku,
Mai gidan kallon bal,
Agege, Legas.