Rahoton Ayyukan Ƙungiya na Shekarar 2025

Assalamu alaikum 'yan'uwa membobi, manyanmu da ƙannenmu.

Ga bayanin yadda kwamitin gudanarwa ya riƙe amanar da kuka ɗora masa a shekarar 2025. Lissafin shige da fice dalla-dalla yana cikin rahoton ma'aji. Namu shi ne mu faɗa muku inda gudummawarku ta je, da dalili, da inda muka gaza.

Shekarar ta zo da nauyi tun daga farkonta. A watan Janairu gwamnatin Amurka ta dakatar da mafi yawan tallafin da take bai wa ƙasashen waje, kafin shekara ta raba kuma an rushe USAID, hukumar Amurka mai ba da agaji ga ƙasashen waje. Birtaniya ma ta sanar da rage nata. Ba a ɗauki lokaci ba muka fara jin labarin wuraren dafa abincin sadaka da suka sauke tukunya a Sudan, da ɗakunan shan magani na yara da suka kulle.

Don haka kaso mafi tsoka na abin da muka tara ya tafi Sudan. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023 tsakanin soja da dakarun kai ɗaukin gaggawa na RSF bai lafa ba. Sansanin Zamzam da ke Darfur ta Arewa, inda aka tabbatar da yunwa mai kisa tun Agustan 2024, ya sha hari a Afrilun 2025, mutanensa suka watse, da yawa suka nufi Tawila a ƙafa. Alfashir, babban birnin Darfur ta Arewa, ta faɗa hannun RSF a ƙarshen Oktoba, a Nuwamba kuma aka tabbatar da yunwa a can da Kadugli. Kuɗinmu ya bi ta hannun matasan sa-kai masu ciyar da unguwanni, waɗanda ke kai abinci lungunan da manyan motocin agaji ba sa shiga, wani ɓangaren kuma ya je ga 'yan gudun hijirar da suka tsallaka zuwa Adre a gabashin Cadi.

A taron tsakiyar shekara wani dattijonmu ya tambaya me ya sa muka tura kuɗi inda ba a riga an ayyana yunwa ba. Tambaya ce mai kyau, kuma ta cancanci amsa a rubuce. Ma'aunin IPC da hukumomin duniya ke bi ba ya kiran hali yunwa mai kisa sai gida ɗaya cikin biyar ya rasa abinci kwata-kwata, kashi 30 cikin ɗari na ƙananan yara sun kamu da tamowa, kuma mutum biyu cikin kowane 10,000 suna mutuwa kullum. Wato kafin sanarwa ta fito an riga an haƙa kaburbura. A Somaliya, yunwar 2011 ta ci mutane kusan 260,000, rabinsu yara 'yan ƙasa da shekara biyar, kuma wajen rabin waɗanda suka rasu sun rasu ne kafin a ayyana ta a watan Yuli. Wannan ne ya sa kwamiti ya daina jiran sanarwa, kuma ba mu yi nadama ba.

Aikin da ya fi taɓa zuciyarmu shi ne na yara masu tamowa. Ma'aikaciyar lafiya takan zagaya damtsen yaro da wani ɗan tef mai launi uku. Idan bai kai santimita 11.5 ba, tef ya nuna ja, yaron yana bakin kabari. Maganinsa wani kwaɓi ne na gyaɗa da madarar gari da mai da sukari da sinadaran gina jiki, a cikin ƴar leda mai kalori 500. Ba ya buƙatar wuta, ba ya buƙatar ruwa, uwa tana iya ba ɗanta a gindin bishiya. Sai dai dole a jera makonni shida zuwa takwas ana ba shi. Yaron da magani ya yanke masa a mako na uku yakan koma gidan jiya. Saboda haka muka sauya tsari da ƙungiyar likitocin da muke hulɗa da ita: maimakon dunƙulen kuɗi lokaci guda, muna turawa duk wata ba fashi. Wanda ya makara da gudummawarsa ta wata, don Allah ya tuna da wannan.

Gaza ce ta fi jawo gudummawa daga gare ku, musamman bayan tabbatar da yunwa a can ranar 22 ga Agusta. Abin da aka saya da kuɗinmu ya daɗe a tsare a mashiga, bai fara wucewa ba sai bayan tsagaita wutar Oktoba.

A ɓangaren bala'o'i kuwa dole mu amsa laifi. Girgizar ƙasa mai ƙarfin 7.7 ta afka wa Myanmar ranar 28 ga Maris, ta kashe sama da mutum 3,000, amma sai bayan makonni kuɗinmu ya fita, domin ba mu da ko kaɗan a ajiye, sai da muka bi ku muna tarawa, sannan takardun banki suka riƙe mu. Tufafin da wasu suka kawo da kyakkyawar niyya ba su tafi ba, don kuɗin dakonsu ya fi darajarsu. Da girgizar Kunar ta Afganistan ta zo ranar 31 ga Agusta, wadda ta ci sama da rai 2,000, mun ɗan gyara: kuɗi kawai muka karɓa, muka kuma karkata shi ga rufin ɗaki da gyaran hanyar ruwan sha, domin sanyin duwatsu yana tafe kuma masu ɗaukar hoto sun riga sun tashi.

Kwamiti yana kawo shawara biyu gaban babban taro: a ware wani kaso na kowace gudummawa ya zama asusun ko-ta-kwana da ba a taɓa shi sai bala'i ya auku, sannan a ƙara mutum biyu masu binciken kuɗi daga wajen kwamiti. Ku zo da ra'ayinku a kan yawan kason, don a ranar za a kaɗa ƙuri'a.

Allah ya saka muku da alheri, ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya kawo sauƙi ga masu rai.

Sakatare, a madadin kwamitin gudanarwa