Kurmar da kotu ba ta ji ta ba, wa ya yi mata adalci?

Assalamu alaikum Edita,

Dan Allah a bani ɗan fili in faɗi abin da ya daɗe yana cina a rai game da masu buƙata ta musamman da yadda shari'a ke tafiya da su.

A jihar Tennessee ta Amurka an kira wani mutum George Lane kotu, shi kuma a keken guragu yake, ɗakin shari'ar yana saman bene kuma babu lifta, haka ya sauka daga kekensa ya ja jiki har sama. Da aka sake kiransa ya ce shi fa ba zai ƙara rarrafe ba kuma bai yarda a ɗauke shi kamar kaya ba, sai aka kama shi aka kulle wai ya ƙi halartar zama. Sai a 2004 Kotun Ƙoli ta ƙasar ta ce yana da damar maka jihar a kotu. Toh wannan namiji ne mai baki, ya samu lauya, kuma a ƙasa mai arziki.

Yanzu a ɗauki mace kurma, talaka, wadda ba ta yi makaranta ba, an ci zarafinta ta je kai ƙara. Ɗan sanda bai iya yaren kurame ba, ita ba ta iya rubutu ba balle ta rubuta sitatimen, sai a ce a kira wani daga gida ya yi mata tafinta, alhali sau da yawa wanda ya cuce ta a cikin gidan yake ko shi ke ciyar da ita, to me kake tsammani zai fassara? Kuɗin lauya babu, kuɗin zirga-zirga duk ranar da aka ɗage shari'a babu, ga kunya da aka ɗora wa mace in ta buɗe irin wannan magana. Kurumta da talauci da zama mace duk sun haɗu a kanta lokaci guda, kowanne yana ƙara wa ɗan uwansa nauyi. Wannan shi ne abin da farfesar shari'a Kimberlé Crenshaw ta yi bayani a 1989, cewa in doka tana duba wariya ɗaya bayan ɗaya, wanda suka taru masa ba za ta ganshi ba.

In kuma ita ake tuhuma abin ya fi muni wallahi. Ka sa wa kurma ankwa ta baya ai ka toshe mata baki ne, da hannun take magana. Mai raunin ƙwaƙwalwa kuwa duk abin da aka tambaye shi "eh" zai ce don a ƙyale shi, ya dangwala yatsa a takardar da bai san me ke ciki ba, gobe a karanta ta a gaban alƙali a ce ya amsa laifi.

Kuma ba wai babu doka ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar haƙƙin masu nakasa a Disamba 2006, ta fara aiki a 2008, sashe na 13 ya ce dole a sauƙaƙa musu hanyar shari'a tun daga bincike, a horar da 'yan sanda da ma'aikatan gidan yari, sashe na 6 kuma ya ambaci mata da 'yan mata musamman. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum biliyan 1.3 ne ke da nakasa, kusan kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya, ba 'yan tsiraru ba ne. A Ingila wata doka ta shekarar 1999 ta ba da damar a kawo ƙwararre ya tsaya tsakanin mai ba da shaida da kotu, yana sauƙaƙa masa tambaya yadda zai gane, kenan abu ne mai yiwuwa.

Ni roƙona Edita, ku tura wakilanku kotuna da caji ofis su tambaya tafintan kurame nawa ne a rajista, wa ke biyansu, kuma mutum nawa ne masu nakasa ke tsare suna jiran shari'a saboda ba su da mai tsaya musu beli. Ku buga mana amsar da aka basu ko da "babu" ce.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku a kullum.