Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Shugaban Hukumar Wasanni ta Ƙasa, Malam Shehu Dikko

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na ɗauki alƙalami ne kan maganar filayen wasa.

Ni mutumin Kano ne, kuma ina cikin waɗanda suka yi layi a Ƙofar Mata a shekarar 2000, lokacin da Najeriya da Ghana suka karɓi baƙuncin gasar cin kofin nahiyar Afirka. Rukuni guda sukutum aka kawo mana filin Sani Abacha: Masar, Senegal, Zambiya da Burkina Faso. A gabanmu Tunisiya ta fitar da Masar da ci ɗaya mai ban haushi a wasan kwata fainal. Yau in ka ba yaro wannan labari, kallon mai tatsuniya yake yi maka.

Ba sau ɗaya ba ne kuwa. A 1999 Kano da Kaduna da Bauchi duk sun ɗauki wasannin kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 20, wanda Sifaniya ta ci da su Xavi. A 2009 waɗannan garuruwa uku suka sake karɓar na 'yan ƙasa da 17. Wato sau uku cikin shekara goma FIFA ko CAF, wato hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, suka duba filayen Arewa suka ce sun isa.

To ina aka kwana? Wasanni biyar Super Eagles ta buga a gida wajen neman gurbin kofin duniya na 2026, biyar ɗin nan kuma a Uyo. Ba ni da ja da mutanen Akwa Ibom, sun riƙe filinsu da kyau, sun cancanta. Amma ƙasar da ta haura mutum miliyan 200 a ce fili ɗaya take taƙama da shi, abin kunya ne. Har babban filin Abuja, wanda Dangote ya zuba kuɗi aka gyara ciyawarsa kafin wasan Ghana na 2022, bai daɗe ba ya koma gidan jiya.

Ranka ya daɗe, ka fi ni sanin cutar. Gini ba ya gagarar mu, riƙo ne ya gagara. In gasa ta ƙarato sai a yi fenti, a shimfiɗa ciyawa, a kunna fitilu. Baƙi na tafiya sai famfon ban ruwa ya mutu, banɗaki ya toshe, a kafa rumfunan taron siyasa a tsakiyar fili, ƙarafa suna huda ƙasa. Masu duba filaye na CAF kuwa waɗannan ƙananan abubuwan suke bi: ciyawa, haske, ɗakin sauya kaya, ƙofofin fita, wurin 'yan jarida.

Dubi Maroko. Filaye tara a birane shida ta fitar don gasar Afirka ta 2025, tana kuma shirin kofin duniya na 2030 tare da Sifaniya da Fotugal. Tun kafin nan ita ce mai ba ƙasashen da aka hana wasa a gida aron fili, har da maƙwabtanmu na Nijar. Mu da Jamhuriyar Benin muka nemi gasar 2025, aka ba Maroko, ta 2027 kuma aka ba Kenya da Uganda da Tanzaniya. Ban yi mamaki ba.

Roƙona shi ne, kafin a sake fita neman wata gasa, ka zauna da gwamnonin Kano da Kaduna da Bauchi, a zaɓi ko da fili ɗaya ne a Arewa, a kai shi matsayin da CAF ke buƙata. A ware masa kuɗin kulawa na shekara-shekara a rubuce cikin kasafi, a ɗauki masanin ciyawa na dindindin, a hana taro a kan filin ko na wane ne. In an gama, a kawo mana wasan Super Eagles guda, mu kai 'ya'yanmu su gani da idonsu.

Allah ya yi maka jagora.

Naka,
Wani tsohon ɗan kallo daga Ƙofar Mata, Kano.